Kafin Ka Taɓa Abin Da Wasu Suka Jingina Da Shi

Shekaru da dama ke nan ina cikin 'yan tsirarun da ke kula da wani ƙaramin ƙunshin manhaja na Python, wanda aikinsa tsaftace rubutun Hausa kafin a adana shi ko a bincika shi. Duk wanda ya taɓa tattara rubutunmu a kwamfuta ya san wahalar: wani zai rubuta ƙ da ƙugiyarta, wani ya sa k da hamza a gefe, wani kuma ya bar ta k kawai, mai karatu ya yi ta canka. Ƙunshin namu yana daidaita abin da zai daidaitu. Kodinsa a buɗe yake, kowa na iya ɗauka kyauta ya saka a nasa aikin, kuma mai ɗauka ba ya sallama, ba ya barin suna. Sai ranar da wani abu ya lalace kake jin muryarsa.

Rubuta kodin bai taɓa zama babbar wahala ba. Abin da ya ɗau lokaci kafin ya zauna mini a kai shi ne yadda ake canja abu bayan wasu sun riga sun yi gini a kansa, da yadda ake riƙe tarihin aiki domin a iya komawa baya idan an yi ɓarna. Wasu daga cikin darussan nan a kanmu na koye su. Wasu kuwa daga kallon manyan ayyuka ne, waɗanda suka fi mu hannu da ilmi, amma suka yi tuntuɓe a inda muka yi.

1. Gyara na gaskiya ma yana karya aiki.

Wani ɗan'uwa daga Nijar ya turo mana gyara. Mu a Najeriya da hamza muke rubuta 'y, kamar a 'ya'ya da 'yanci. A Nijar harafi guda ne mai ƙugiya, ƴ. Hujjarsa tana da ƙarfi. Hamza tana zuwa da siffofi daban-daban gwargwadon wayar da aka yi rubutun da ita, wata miƙaƙƙiya, wata lanƙwasasshiya, sai kalma ɗaya ta zama kalmomi uku a idon kwamfuta. Harafi guda kuwa ba shi da wannan rigima. Muka duba, gwaje-gwajenmu duka suka wuce lafiya, muka karɓa, muka fitar da shi a matsayin ƙaramin gyara.

Ba a jima ba saƙo ya zo daga wani mai kula da rajistar mambobin wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Kano. Ya ce, "Malam, don Allah ko kun taɓa wani abu? Mutanenmu na 'Yankaba duk ba sa fitowa." Sunayen suna nan a rumbun bayanai, an adana su da tsohuwar siga, da hamzarsu. Amma yanzu duk abin da magatakarda ya buga a akwatin bincike, sabuwar siga tana juya shi zuwa ƴ kafin a nema, sai a tarar babu abin da ya yi daidai da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwamfutar ba ta yi ƙorafi ba. Babu jan rubutu, babu saƙon kuskure. Shafi kawai ya fito fayau, magatakarda kuma ya dubi mutumin da ya shekara yana biyan kuɗin ƙungiya ya ce masa ba ya cikin rajista.

Gwaje-gwajenmu tambaya guda suke yi: shin abin da ya fito daidai ne? Babu wanda ke tambayar ko abin da ya fito yau shi ne ya fito jiya. Tun daga nan muka ajiye wani fayil mai ɗauke da jimloli na gaske, sunayen unguwanni da kanun labarai da saƙonnin waya, tare da sakamakon da sigar baya ta bayar a kan kowace. Idan sabon gyara ya sa ko harafi ɗaya ya bambanta, gwajin yana tsayawa, sai mutum ya zo ya yi bayanin dalili da bakinsa kafin a wuce.

2. Duk abin da ido ke gani, wani ya riga ya jingina da shi.

Daga baya na fara lura da irin abubuwan da mutane ke dogaro da su, waɗanda ba mu taɓa yi wa kowa alkawarinsu ba. Akwai wanda shirinsa ke karanta saƙon kuskurenmu kalma bayan kalma domin ya gane abin da ya faru. Ranar da muka gyara rubutun wata kalma a cikin saƙon, nasa aikin ya tsaya. Wani injiniya da ya yi aiki a Google, Hyrum Wright, ya daɗe da lura da haka, har ake kiran abin da sunansa, dokar Hyrum. Ma'anarta ita ce idan masu amfani da manhaja suka yi yawa, duk wata ɗabi'a tata da ake iya gani sai an sami wanda ya dogara da ita, ko ka rubuta ta a cikin alkawarinka ko ba ka rubuta ba.

A ƙarshen Janairun 2023 GitHub ya sabunta Git a sabobinsa, sai yadda ake matse fayilolin da mutane ke saukewa ya ɗan sauya. Abin da ke cikin fayilolin bai canja ba ko da ɗigo, amma lambar tantancewa da ake lissafowa daga matsattsen fayil ta canja. Ayyuka da yawa, musamman waɗanda ake ginawa da Bazel, sun adana tsohuwar lambar domin su tabbatar ba a yi musu maguɗi a hanya ba, nan take gininsu ya tsaya cik. GitHub ya janye canjin, daga baya ya yi alkawarin ba da sanarwar wata shida kafin ya sake taɓa wurin. A Python kuwa, a siga ta 3.6 ma'ajin nan da ake kira dict ya fara riƙe abubuwa a jere yadda aka zuba su, sakamakon wani gyara da aka yi a ciki don rage cin ma'adana. Da aka zo 3.7 a 2018, sai kawai aka mai da wannan jeri doka. Masu harshen Go sun bi ta ɗaya hanyar: da gangan suka sa jerin nasu ya riƙa hautsinewa duk lokacin da aka bi ta kansa, don kada kowa ya saba da shi.

Wanda ya fi burge ni a wannan fage Linus Torvalds ne, wanda ya fara Linux. Yana da doka guda da ba ya sassauci a kanta: canjin da aka yi a zuciyar Linux kada ya karya shirye-shiryen da mutane ke gudanarwa a kanta, idan kuwa ya karya, laifin na canjin ne komai kyawunsa. Amma a ciki, tsakanin sassan zuciyar, kullum ana rushewa ana sake gini. Iyakar a shate take, kowa ya san inda ta tsaya. Mu ma muka shata tamu: muka jera sunayen umarnin da muka ɗauki nauyinsu, sauran kuma muka sa musu ɗan layin ƙasa a farkon suna, alamar da 'yan Python suka sani ta cewa wannan na cikin gida ne. Hakan ba ya hana mai son shiga ya shiga. Yana dai ba mu bakin magana ranar da muka canja.

3. Lambar siga alkawari ce, alkawari kuwa kaya ne.

Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, shi ya rubuta tsarin ba da lambar siga da ake kira SemVer, wanda bugunsa na 2.0.0 ya fito a 2013. Lambobi uku ne da ɗigo a tsakaninsu. Ta ƙarshe tana ƙaruwa idan kuskure aka gyara. Ta tsakiya tana ƙaruwa idan an ƙara sabon abu ba tare da an taɓa tsohon ba. Ta farko kuwa sai an yi canjin da zai iya karya wa wani aiki. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin ladabi kawai, kafin in gane cewa yawancin masu karanta lambar nan injuna ne. A npm, wani rumbun da ake ɗauko ƙunshin manhaja daga cikinsa, wanda ya rubuta ^1.4.0 ya ba injinsa izinin ɗauko duk sabuwar sigar da ba ta kai 2.0.0 ba, ba tare da an sake tambayarsa ba. Saboda haka idan ka saka babban canji a ƙarƙashin ƙaramar lamba, zai shiga kwamfutocin mutane cikin dare, babu wanda ya yanke shawarar karɓarsa. Kamar mai awo ne da ya sauya mudu bai gaya wa kowa ba: ko da sabon mudun ya fi girma, uwargidan da ta saba ɗora ruwan tuwonta daidai da tsohon za ta ga tuwo ya ƙi, ba ta san dalili ba.

Tsarin ya bar wata kafa. Duk sigar da ta fara da sifili, ma'anarta aikin bai nuna ba tukuna, komai na iya canjawa kowane lokaci. Mun daɗe a ƙarƙashin sifilin nan, kamar ayyuka masu yawa, kuma tsoron ɗaukar nauyi ne ya zaunar da mu. Sai dai mutumin da rajistarsa ta dogara da kai bai damu da sifilinka ba. A wurinsa ka riga ka yi alkawari tun ranar da abin ya yi masa aiki. Fitar da 1.0 ya tilasta mana zama mu rubuta abin da muka ɗauka da abin da ba mu ɗauka ba, kuma wannan zaman ya fi lambar kanta amfani.

Akwai kuma matsalar cewa mutane suna karanta lamba da ma'anar da suka saba, ba da wadda ka nufa ba. A Fabrairun 2021 ƙunshin cryptography na Python ya fitar da siga ta 3.4, wadda gina ta ke neman harshen Rust. Dalilinsu mai kyau ne, tsaro ne, kuma sun sanar tun da wuri. A nasu tsarin, tashi daga 3.3 zuwa 3.4 babban mataki ne. Amma jama'a sun ga lambar tsakiya ce ta motsa, suka ɗauka lafiya lau ne, sai gini ya tsaya wa masu amfani da tsarin Alpine da wasu injunan da babu Rust a kansu. A Satumban shekarar masu aikin suka tsallaka zuwa 35.0.0, domin daga nan lambar farko ta riƙa motsawa duk lokacin da suka yi babbar fitowa. Sun gane cewa ya fi sauƙi su canja lissafinsu da su canja yadda duniya ke karatu.

4. A buɗe sabuwar ƙofa kafin a toshe tsohuwa.

Python 3.0 ta fito a Disambar 2008, kuma ni dai ban taɓa shakkar dacewar canjin ba. Mai aiki da rubutun Hausa ya fi kowa sanin haka. A Python 2, idan ka tambayi tsawon kalmar ƙasa ba tare da ka yi mata alama ta musamman ba, biyar za a ce maka, domin ƙ tana cin gurbi biyu a ma'adana. Idan ka ce a mai da kalmar manyan baƙaƙe, sauran haruffan su girma, ƙ ta tsaya yadda take. Python 3 ta ce huɗu, ta kuma ba ka Ƙ. Amma an fitar da ita ba tare da wata hanya mai sauƙi da kod guda zai gudana a tsohuwa da sabuwa ba. An ba da kayan aiki mai suna 2to3 wanda zai juya kod gaba ɗaya, bisa zaton kowa zai yi ƙaura lokaci guda. Hakan bai yiwu ba. Kai ba za ka tashi ba sai ƙunshin da ka dogara da shi ya tashi, shi kuma mai ƙunshin yana jiran masu amfani su fara tashi. Sai a siga ta 3.3, cikin 2012, aka dawo da ƙaramin harafin u da ake sa wa a gaban rubutu, wanda ba ya yin komai a Python 3 face barin tsohon kod ya gudana. An tsara daina kula da Python 2.7 a 2015. A 2014 Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ya sanar da ɗagewa, aka kai 1 ga Janairun 2020. Ƙaurar ta ci fiye da shekara 11, kuma mafi yawan wahalar ta faɗa kan masu aikin sa-kai da suka riƙa kula da kod iri biyu a lokaci guda.

Masu harshen Rust sun zo daga baya, sun ga abin da ya faru. Idan za su yi canjin da bai dace da tsohon rubutu ba, sai su tara shi a cikin bugu na musamman, irin na 2018 da 2021 da 2024. Kowane ƙunshi shi ke faɗin bugun da yake bi, kuma ƙunshin da ke kan tsohon bugu yana aiki tare da wanda ke kan sabo ba tare da rigima ba. Suna da wani kayan aiki, Crater, da ke gwada sabon canji a kan ɗimbin ƙunshin da jama'a suka wallafa, domin su ga wa zai karye tun kafin a fitar. Aikin Django kuma ba ya cire abu sai ya shafe aƙalla fitowa biyu yana gargaɗi a kansa.

Gargaɗin ma sai an ji shi yake da amfani. NumPy ya fara gargaɗi a kan np.float da 'yan'uwansa a siga ta 1.20, farkon 2021, ya cire su a 1.24, Disambar 2022. Kusan shekara biyu ke nan, amma duk da haka kodin mutane da yawa ya faɗi ranar da aka cire. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne Python tana ɓoye irin wannan gargaɗi idan daga cikin wani ƙunshi ya taso, sai wanda ya kunna shi da gangan yake gani. Mu dai yanzu, idan canjin zai shafi sakamakon da mutum ke samu, muna amfani da nau'in gargaɗin da ke fitowa fili, kuma a cikinsa muna rubuta sigar da za a cire abin da kuma abin da za a rubuta a madadinsa.

Maganar ƴ kuwa, yadda ta ƙare ta koya mini abin da ya fi duk waɗannan. Mun dawo da tsohuwar ɗabi'a, muka ƙara zaɓi guda: mai kira ya faɗi salon da yake so, na Najeriya ko na Nijar, idan bai faɗa ba a bar shi inda ya saba. Ɗan'uwanmu na Nijar ya sami abin da yake nema, na Kano ma bai rasa komai ba. Ashe tun farko babu buƙatar karya wa kowa aiki. Abin da zaɓin ya ci mana shi ne 'yan layuka da suka ɗan rage wa kodin kyau, kuma adalci ne mu 'yan kaɗan mu ɗauki wannan a kanmu, maimakon mu raba wahala ga mutanen da ba mu ma san adadinsu ba.

5. Abin da ya fita ya fita.

Duk wanda ya taɓa fitar da siga mai kuskure ya san wannan sha'awa: a goge ta, a gyara, a sake fitar da ita da lamba ɗaya, kamar ba a yi ba. Na ji ta a ranar maganar 'Yankaba, wani abokin aiki ya hana ni, kuma ya yi daidai. Da mun yi haka, da an sami kwamfutoci biyu masu ɗauke da lamba iri ɗaya da kod iri biyu, mai neman bakin zaren matsala kuma ba zai taɓa gano shi ba. Shi ya sa PyPI, rumbun ƙunshin Python, ba ya yarda a sake amfani da sunan fayil ɗin da aka taɓa ɗorawa, ko da an goge shi. Abin da ya tanada shi ne a sa wa sigar alamar janyewa: tana nan ga wanda ya kira ta da ainihin lambarta, amma ba za a ba wani sabo ita ba. Haka tambarin siga a Git, idan aka buga shi a kan komit, wato canji guda da aka adana a tarihin aiki, ba a matsar da shi.

A Maris ɗin 2016 Azer Koçulu ya sauke ƙunshinsa fiye da 250 daga npm bayan saɓani da kamfanin Kik a kan wani suna. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, wanda aikinsa cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Manyan ayyuka irin su Babel sun dogara da shi ta hanyar wasu, sai gini ya tsaya wa dubban mutane a faɗin duniya. Cikin 'yan sa'o'i npm ya dawo da shi, sannan ya taƙaita damar sauke abin da aka riga aka wallafa. Ga mai ɗaukar kodin wasu kuma, shawarata ita ce ya kulle sigogin da yake amfani da su a fayil, ya riƙa sabuntawa da rana tsaka, yana kallo.

6. Tarihin da aka raba ya zama na jama'a.

Git yana ba ka damar sake rubuta tarihi: ka haɗe komit da yawa su zama ɗaya, ka sauya jerinsu, ka share wanda ba ka so. A kan kwamfutarka, kafin kowa ya gani, wannan tsafta ce kuma ina ƙarfafa ta. Da zarar ka tura, wasu sun ja sun ɗora nasu a kai, magana ta canja. A Nuwamban 2013 wani mai ba da gudummawa ga aikin Jenkins ya yi turin dole bisa kuskure zuwa ma'ajiyoyi fiye da 150, ya mayar da tarihinsu baya, sai da aka yi aikin dawo da abin da ya ɓata. Ban ga laifin mutumin sosai ba, domin kowa yana da ranar da hannunsa ke riga tunaninsa. Abin da na ɗauka shi ne bai kamata tsari ya bar kuskuren mutum ɗaya ya yi wannan nisa ba. Mun kulle babban reshenmu, babu mai iya yi masa turin dole, har da ni da na fara aikin. Idan an shigar da abin da bai dace ba, git revert muke yi, wanda ke warware kuskuren da sabon komit ya kuma bar shaidar cewa an taɓa yin sa.

Darajar tarihi mai tsafta ba ta bayyana sai ranar bincike. Akwai lokacin da babban harafin Ɗ ya fara ɓacewa a farkon wasu jimloli, ba mu san tun yaushe ba. Umarnin git bisect yana raba tarihi biyu, ya tambaye ka ko matsalar tana nan, ya sake raba rabin da ya rage; ko komit dubu ne, tambaya kamar goma ta isa. Ya kai mu ga komit ɗin da ake nema cikin ɗan lokaci. Sai muka tarar saƙonsa kalma ɗaya ce, "gyare-gyare", kuma a cikinsa an haɗa gyaran tazarar layuka a fayiloli da yawa, da sauya sunaye, da layi guda da ya canja yadda ake gane farkon jimla. Wanda ya rubuta shi ya riga ya bar aikin, kuma ko da yana nan ba lallai ya tuna ba. Daga nan muka sa ƙa'ida: gyaran kwalliya komit ɗinsa daban, canjin ɗabi'a nasa daban, wanda zai karya aiki kuwa a faɗa a layin farko na saƙonsa. Saƙon kuma ya faɗi dalili. Abin da aka yi ana iya ganinsa a kodin. Dalilin yin sa idan ba a rubuta ba, yana tafiya tare da mai shi.

7. Ka rubuta sanarwa don wanda ya daɗe bai leƙo ba.

Mu masu aikin kullum muna ciki, sai mu ɗauka kowa ma yana biye. Yawancin masu amfani da ƙunshinmu sau ɗaya suka saka shi, ya yi aiki, suka manta da shi. Wani sai sabarsa ta mutu an kawo sabuwa yake dawowa, bayan shekara biyu ko uku, ya tsallake sigogi da yawa a tashi ɗaya, ga data tana ƙarewa, ga mai ofis a tsaye a kansa. Wannan mutumin ba zai karanta jerin komit ba. Saboda shi muke rubuta takardar canje-canje da hannu, da Hausa da Turanci, abubuwan da za su karya aiki a sama kafin duk wani albishir na sabon abu, kowanne da misalin yadda ake rubutawa a da da yadda za a rubuta yanzu. Idan canjin ya shafi bayanan da aka riga aka adana, muna faɗa da manyan baƙaƙe, muna kuma ba da ɗan shirin da zai juya su.

8. Ka faɗi ranar da za ka daina.

Bayan duk wannan, kada a ɗauka ina cewa kada a taɓa karya komai. Akwai lokacin da tsohon tsari ke da ramin tsaro, ko ya zama kowane sabon gyara sai an yi shi sau biyu. Masu kula da irin waɗannan ayyuka yawancinsu bayan an tashi daga ofis suke yi, ba a biyansu, kuma na ga mutanen kirki sun gaji sun ajiye aiki gaba ɗaya saboda sun kasa ce wa kowa a'a. Aikin da aka yashe ya fi wanda ya yi canji da sanarwa cutar da masu amfani da shi.

Da muka yanke shawarar daina tallafa wa Python 2, mun faɗi ranar tun da sauran watanni masu yawa. Muka ware reshe na tsohuwar siga, muka rubuta a fili cewa manyan kurakurai kaɗai za a riƙa gyarawa a kansa, zuwa rana kaza, daga nan a rufe. Wasu sun roƙi ƙarin lokaci, wanda hujjarsa ta yi ƙarfi muka zauna da shi muka taya shi ƙaura, amma ranar ba mu ɗaga ta ba. A sabuwar sigar kuma muka cike gurbin nan na python_requires, inda ƙunshi ke faɗin mafi ƙarancin Python ɗin da yake buƙata. Da wannan layi guda, wanda har yanzu yake kan tsohuwar kwamfuta idan ya nemi ƙunshinmu, pip, kayan aikin da ke ɗauko ƙunshin, zai tsallake sabuwar sigar ya ba shi ta ƙarshe da ke aiki a wurinsa.